Dawa ko Kufai? Sharhi a kan Ma'ana da Amfanin Kalmar "Wilderness" a Turanci

1.0 Gabatarwa

Duk malamin da ya taɓa koyar da adabin Turanci ko fassara a kwalejojinmu ya san akwai wasu kalmomi waɗanda ɗalibi kan wuce su da sauri, yana zaton ya gane su, alhali kuwa a cikinsu ne marubuci ya ajiye abin da ya fi nauyi a zancensa. Kalmar "wilderness" tana daga cikin irin waɗannan. In aka tambayi ɗalibi ma'anarta sai ya ce daji, malam ya gyaɗa kai, a ci gaba. In kuwa aka matsa masa ya yi bayani, sai ya ce ai wuri ne wanda ba kowa, ba mai zuwa, ba mai kwana.

A wannan takarda muna son mu tuhumi wannan "ba kowa" ɗin. Da'awarmu ita ce, a mafi yawan wuraren da marubutan Ingila da Amurka suka yi amfani da kalmar, abin da take faɗa mana game da mai magana ya fi abin da take faɗa game da wurin yawa. Za mu bi ta tun daga asalinta, sa'an nan mu tsaya a kan wurare uku inda ta yi aiki mai girma, watau littafin William Bradford, da rubuce-rubucen John Muir, da dokar da Amurka ta kafa a 1964. Daga nan za mu duba abin da ya wajaba a kan mai fassara ta zuwa Hausa.

2.0 Asalin Kalmar

Masana tarihin harshen Ingilishi sun nuna cewa tushen kalmar shi ne "wilddeor" na tsohon Turanci, haɗin kalmomi biyu. Ta farko tana nufin abin da ba a hora ba. Ta biyu kuwa, a wancan zamani, kowace dabba take nufi. Daga baya ne ma'anarta ta tsuke ta koma "deer", dabbar nan dangin barewa. Da aka liƙa ɗafa-ƙeyar "-ness" sai aka sami sunan wuri, wanda ya fara bayyana a rubuce wajen farkon ƙarni na 13. Ke nan ma'anar farko ita ce wurin namun dawa. Mu lura cewa an raɗa wa wurin suna ne bisa abin da ke cikinsa. Ba a ce kome ba tukuna game da rashin mutane.

Abin da ya ba kalmar nauyin da take da shi yau shi ne fassarar Baibul, tun daga ta almajiran John Wycliffe a ƙarshen ƙarni na 14 har zuwa wadda aka buga da umurnin Sarki James a 1611. Masu fassarar sun yi ta amfani da ita a madadin kalmar Ibrananci "midbar". To amma "midbar" ƙasa ce ta kiwo, wadda ruwanta bai isa noma ba amma ya isa dabbobi su yi kiwo a lokacinsa. A can ne aka ce Dauda ya bar tumakin gidansu ranar da ya tafi fagen fama, kuma Littafin Joshuwa ya lissafa garuruwa shida da ƙauyukansu a cikin "midbar" na Yahudiya. Duk wanda ya san yadda makiyayi ke rayuwa a arewacin Damargu zai gane wannan ƙasa nan take. Manomin Ingila, wanda bai taɓa ganin shekarar da ruwa ya ɗauke wata takwas ba, ba shi da abin da zai kwatanta ta da shi. Abin da ya shiga kunnensa a majami'a shi ne yawon shekara 40 na Bani Isra'ila, da yunwa, da ƙishirwa, da jarrabawa. Makiyayan suka ɓace masa, tsoron ya zauna.

Daga nan ne Turawa suka sami salon maganar da suke yi wa ɗan siyasar da aka mayar saniyar ware, su ce yana cikin "wilderness". Haka ake kiran shekarun Winston Churchill daga 1929 zuwa 1939, ko da yake duk tsawon lokacin nan yana zaune a majalisa a tsakiyar Landan. Har ila yau, a ƙarni na 17 da na 18 masu lambunan sarakuna sun riƙa kiran wani sashe na lambu da wannan suna, inda aka dasa itatuwa aka yanka hanyoyi masu rikitarwa don nishaɗi, kamar na fadar Hampton Court. Kalmar da za ta iya ɗaukar majalisa da lambun sarki, lalle ba ƙidayar mutane take yi ba.

3.0 Bradford da Gonakin Patuxet

A ƙarshen shekarar 1620 jirgin ruwan Mayflower ya sauke fasinjoji 102 a gaɓar da ake kira Massachusetts a yau. William Bradford, wanda ya daɗe yana gwamnan wannan jama'a, ya rubuta tarihinsu tsakanin 1630 da 1651, kuma a babin saukarsu ya kira ƙasar "wilderness" mai ban tsoro. Wannan babi yana cikin abubuwan da ake fara karantar da ɗalibin adabin Amurka, kuma ya cancanci haka, domin Bradford marubuci ne mai sauƙin lafazi, wanda ba ya ƙawata wahala. Tsoronsa ma na gaskiya ne: kusan rabin mutanen jirgin ba su ga ƙarshen hunturun farko ba.

Sai dai akwai abubuwa biyu da mai karatu a tsanake ba zai kasa gani ba. Na farko, a cikin jimlar da ya ambaci kalmar, Bradford da kansa ya ce wurin cike yake da namun dawa da kuma mutanen dawa. Watau bai ce ba kowa ba. Ya dai jera mutanen wurin a layi ɗaya da dabbobi. Na biyu, ba a yi nisa a littafin ba sai ga shi yana ba da labarin yadda 'yan leƙen hanyarsu suka tarar da gonaki da aka girbe, da kaburbura, da masarar da aka binne a cikin kwanduna, suka haƙe ta suka tafi da ita, kuma ita ce ta zame musu iri da damina ta zo. Ƙasar da ake haƙo iri a cikinta, wani ne ya noma ta.

Wurin da suka kafa garinsu na Plymouth kuwa mazaunin wani gari ne mai suna Patuxet, na al'ummar Wampanoag. Wata annoba da ta biyo jiragen Turawa ta share mutanen wannan gaɓa tsakanin 1616 da 1619. Baƙin sun zaɓi wurin ne daidai saboda sun tarar da fili a share, ga ruwan sha mai kyau, ba sai sun yi sassabe ba. Mutumin da ya koya musu shuka masara, Tisquantum, ɗan garin ne, kuma abin da ya tsirar da shi daga annobar shi ne wani matuƙin jirgi Bature ya sace shi a 1614 ya kai shi Turai, ya zauna a Landan, ya komo ya tarar ba danginsa ko ɗaya. Da Turanci ya yi musu magana.

A nan ne harshenmu yake da abin cewa. Bahaushe ba ya haɗa dawa da kufai. In ya shiga wuri ya ga kukoki sun yi cincirindo, ga tsingaro a ƙasa, ga ramukan karofi, ga tudun da ganuwa ta zube, ya san gari ne ya tashi, kuma tambayar da za ta fara zo masa ita ce: su wane ne, me ya tashe su? Yaƙi ne, ko yunwa, ko rijiya ce ta ƙafe? Ba wanda zai tsaya a Surame ko a Alƙalawa ya ce yana cikin dawa, ko da kura na kwana a wurin. Kufai kalma ce mai ɗauke da tarihi a cikinta, tana tilasta wa mai faɗarta ya tuna da mutane. Patuxet kufai ne mai 'yan shekaru kacal. Turanci yana da kalmomin da za su iya faɗar haka, amma wadda Bradford ya zaɓa, kuma wadda ta bi jikokinsa, ita ce wadda ba ta tambayar kowa kome. An ce baƙo makaho ne ko da yana da ido. To amma wannan baƙo ya gani, har ya rubuta abin da ya gani. Kalmar ce ta hana abin da ya gani ya zama hujja a kansa.

4.0 Yadda Abin Tsoro ya Zama Abin Marmari

A cikin ƙarni na 19 kalmar ta yi juyin da ba kasafai kalmomi kan yi ba: ta tashi daga zagi ta koma yabo. Roderick Nash ya bi sawun wannan juyi a littafinsa na 1967, kuma ba mu da niyyar maimaita aikinsa. A taƙaice, mawaƙan Turai sun fara ganin girman Mahalicci a duwatsu da dazuzzuka, birane sun cika da hayaƙin masana'antu, sa'an nan a 1890 hukumar ƙidaya ta Amurka ta bayyana cewa ba sauran wata iyaka tsakanin ƙasar da Turawa suka zauna da wadda ba su kai ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ke tsada.

Babban mai wa'azin sabuwar ma'anar shi ne John Muir, haifaffen Sikotland, wanda ya kafa ƙungiyar Sierra Club a 1892. Littafinsa na 1911 a kan bazararsa ta farko a duwatsun Sierra na Kalifoniya yana da daɗin karatu ƙwarai, kuma ba mu san wani marubucin Turanci da ya fi shi iya sa mai karatu ya ji sanyin ruwan dutse ba. Amma yaya ya shiga wurin a 1869? Ɗan ƙodago ne na wani mai tumaki, yana biye da garke na kimanin 2,000, a ƙasar da hanyoyinta 'yan asalin wurin ne suka fitar da su da ƙafafunsu. Ya gamu da su a hanya, ya kuma rubuta cewa ƙazamai ne, ba su dace da tsabtar wurin ba. A 2020 ƙungiyar da ya kafa ta fito fili ta amince da wannan aibi nasa.

Kwarin Yosemite da ya ɗauki hankalinsa mazaunin mutanen Ahwahneechee ne. A 1851 wata rundunar 'yan sa-kai ta shiga ta ƙone musu gidaje da rumbuna ta kore su. Filayen ciyawa masu ban sha'awa da baƙi suka riƙa zanawa suna ɗaukar hotonsu, mutanen nan ne suka raya su, ta hanyar sa wuta a kan kari don kada ƙananan itatuwa su cinye fili, kuma don itatuwan da suke cin 'ya'yansu su sami sarari. Da aka hana wutar sai kurmi ya fara rufe kwarin. Ashe abin da aka ɗauka aikin da hannun mutum bai taɓa ba, gona ce irin wadda idon Bature bai saba da ita ba. Waɗanda suka komo daga baya sun zauna a kwarin suna yi wa baƙi aiki, har 1969 lokacin da hukumar wurin ta rushe ƙauyensu na ƙarshe. Haka kuma a Yellowstone, wanda aka keɓe a 1872, ba a cika shekara goma ba sai da aka fitar da 'yan Shoshone da ke zaune a duwatsunsa. (Mu ma nan, masu kallon silima sun saba kiran waɗannan al'ummu Indiyawan daji, suna mai kuskure biyu a cikin kalma biyu.)

Bambancin Bradford da Muir ke nan: na farko ya tarar da kufai ya kira shi dawa don yana tsoro, a zamanin na biyu kuwa sai da aka tashi mutane tukuna, sa'an nan aka sami dawan da za a yaba.

5.0 Dokar 1964

Ranar 3 ga Satumba 1964 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a dokar da ta mayar da kalmar ta zama ta shari'a. Wanda ya tsara ta, Howard Zahniser, ya yi shekara takwas yana gyara ta yana kai wa majalisa, ya rasu wata huɗu kafin a sa hannu. Dokar ta fara da yankuna 54 masu faɗin eka miliyan 9.1, kuma daga baya abin ya haura eka miliyan 110. Ta hana gina hanya da shiga da mota da kafa gini na dindindin a cikinsu.

Abin da ya shafe mu shi ne ma'anar da ta bayar. Zahniser ya zaɓi wata tsohuwar kalma, "untrammeled", ya siffanta ƙasar da ita, abokansa suka ce ya canza ta don ba a san ta ba, ya ƙi. Mutane da yawa har yau suna karanta ta kamar "untrampled", watau wadda ba a tattake ba. Alhali "trammel" sunan wata irin koma ce ta kamun kifi, kuma sunan igiyar da ake ɗaure ƙafafun doki da ita. Fassararta daidai ita ce ƙasar da ba a yi wa dabaibayi ba. Wannan zaɓi ne na gwani, kuma ya fi na Muir gaskiya, domin bai ce ba a taɓa taka wurin ba, ya ce ne a sake shi ya yi tafiyarsa.

Matsalar tana cikin rabin jimlar na biyu, inda dokar ta ce mutum a wurin mai ziyara ne wanda ba ya zama. Da wannan sai kalmar ta gama zagayenta. Wurin da ɗalibinmu ya ce ba mai zuwa ya koma wurin da ba a yarda da kowa ba sai mai zuwa. Wanda ya zo da jaka a baya da izinin kwana uku, dokar ta san da shi. Wanda kakanninsa ke binne a wurin, ma'anar ba ta bar masa gurbi ba. Daɗin daɗawa, dokar ta yarda masu garkunan shanu da suka riga suka sami izinin kiwo su ci gaba da kiwonsu, ta kuma bar ƙofar neman ma'adinai a buɗe har ƙarshen 1983. Ke nan akwai mutanen da aka ga zamansu bai ɓata ma'anar ba.

6.0 Masu Suka, da Inda Muka Tsaya

Ba mu ne farkon masu wannan tuhuma ba. Ramachandra Guha na Indiya ya yi ta a 1989, yana nuna yadda keɓe dazuzzuka don damisa ya faɗa a kan talakawan ƙauye, William Cronon kuma ya yi ta a 1995 daga cikin gida, ya jawo wa kansa fushin abokan tafiyarsa. A nahiyarmu misalin da aka fi sani shi ne fitar da Masai daga Serengeti a 1959.

Muna tare da su a kan tarihi, amma ba mu bin waɗanda suka zarce suka ce kalmar ƙarya ce tsagwaronta. Akwai inda ta faɗi gaskiya: nahiyar Antatika ba ta taɓa samun 'yan asali ba, ba a ma hango ta ba sai 1820. Kuma abokin hamayyar Muir da Zahniser na zahiri masu gina madatsun ruwa ne da masu haƙar ma'adinai. Muir ya sha kaye a 1913 aka yarda a nutsar da kwarin Hetch Hetchy don birnin San Francisco ya sami ruwa, kuma da ba don dokar 1964 ba da wurare da yawa sun bi shi. Bugu da ƙari, ma'anar tana karɓar gyara: dokar filayen Alaska ta 1980, wadda ta ƙara yankuna masu faɗin gaske, ta amince wa mazauna karkara su ci gaba da farauta da su don abincinsu. Abin da muke ƙi shi ne a ɗauki kalmar a matsayin shaida. Duk inda marubuci ya ce "wilderness", aikin mai nazari shi ne ya tambaya tun yaushe, kuma a idon wa.

7.0 Fassara zuwa Hausa

Daji ita ce kalmar da ta fi saurin zuwa baki, kuma ita ce ta fi rauni. Dajin Bahaushe cike yake da mutane: mai itace, da mai saƙar zuma, da maharbi, da Bafillace a mashekarinsa, da burtalin da ya ratsa. Har sarauta gare shi. Mutum kan ce ya tafi daji alhali gonarsa ya nufa. Saboda haka daji ya dace da "midbar" fiye da yadda kalmar Turancin ta dace da shi, amma bai ɗauko tsoron Bradford ba. Don wannan sai an ce dawa, ko ƙungurmin daji, ko dokar daji. Hamada kuwa ba ta shiga nan sai inda ake maganar rairayi da rashin ruwa. A zancen Churchill ba a bukatar ko ɗaya daga cikinsu, an mayar da shi saniyar ware ne kawai.

Mai fassara Bradford amana ce a hannunsa, ba shi da ikon sa kufai inda marubucin ya ce dawa. Gyaran na malami ne a cikin aji, shi ne zai kawo labarin Patuxet ya ajiye kusa da shafin. Inda muke da ikon zaɓi shi ne a rubutunmu na kanmu. Takardun jawo baƙi sukan siffanta Yankari, wanda aka keɓe a 1956, da wannan kalma ta Turanci. Amma a cikinsa akwai rijiyoyin Dukkey, da kogwannin Marshall da aka sassaƙa a jikin dutse, da ragowar matoyar tama masu yawa. Wanda zai rubuta wa ɗalibai labarin wurin da Hausa ba shi da dalilin aro makantar wani harshe, tun da nasa ya ba shi kalmar da zai ce wani sashe na dajin nan kufai ne.

Ma'anar shari'a ta 1964 ita ce ta fi wuya, domin ba mu da kalma guda mai nufin ƙasar da hukuma ta tsare don kada kowa ya sarrafa ta. Wadda muka saba da ita ita ce gandun daji, kuma wasu abokan aikinmu suna ganin ba ta dace ba, don gandu gona ce, gonar maigida ko ta sarki, wadda ake yi wa aiki. A ganinmu wannan ne ma ya sa ta dace. Yankin da aka shata wa iyaka, aka sa masa ma'aikata masu albashi, aka ƙayyade wanda zai shiga da kwanakin da zai yi, yana da mai shi, kuma duk Bahaushen da ya ji an ce gandu zai tambaya na wane ne.